Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman ilimin laburare: a ba Paul Groussac gurbi a aji

Zuwa ga malamai masu koyar da ilimin laburare a jami'o'inmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri da yi muku sannu da aiki, roƙo guda ne ya kawo ni, amma sai na yi shimfiɗa mai ɗan tsawo kafin in kai gare shi. Ku yi haƙuri da ni, ranku ya daɗe.

Ranar 27 ga Yuni, 2029, Paul Groussac zai cika shekara 100 da mutuwa. Bafaranshe ne da ya yi ƙaura zuwa Ajantina yana saurayi, ya riƙe babban laburaren ƙasar daga 1885 har ya bar duniya, shekara 44 ke nan a kujera ɗaya. Ɗalibin da ya fito daga hannunku ya san Melvil Dewey da yadda ya kasa ilimi gida goma. Ya haddace dokokin laburare biyar na Ranganathan, masanin Indiya. Wanda ya ɗan yi zurfi ya ji labarin Antonio Panizzi, ɗan gudun hijirar Italiya da ya tsara ƙa'idojin rubuta kundin littattafai a gidan tarihin Birtaniya. Duk sun cancanci a koyar da su. Sai dai abin da yara suke ɗauka daga wurinsu bai wuce yadda ake jera littafi a kanta da yadda ake miƙa shi ga mai nema ba. Akwai wata tambaya da ba a cika yi wa ɗalibi ba: shi mai tsaron littattafan, me ya kamata ya samar da hannunsa daga abin da aka ba shi amana? A kan wannan tambayar nake ganin rayuwar Groussac ta fi ta sauran amfani.

An haife shi a Toulouse, kudancin Faransa, ranar 15 ga Fabrairu, 1848. Ya sauka a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, a farkon 1866, yana gab da cika shekara 18, ba digiri, ba ya jin Sifaniyanci. Abin da ya riƙo shi ne takardar gabatarwa zuwa ga Amadeo Jacques, wani Bafaranshe da ke shugabantar babbar makarantar sakandare ta birnin, sai ya tarar mutumin ya mutu watanni kaɗan kafin isowarsa. Daga nan ya nufi karkara, wajen San Antonio de Areco, ya kama kiwon tumaki. Bayan ya dawo birni ya duƙufa karatu, ya samu aikin koyar da lissafi, ya kuma rubuta wani nazari a kan mawaƙin Sifaniya José de Espronceda wanda ya ja hankalin ministan ilimi na lokacin, Nicolás Avellaneda. Shi ya tura shi Tucumán, can arewacin ƙasar, a 1871. Ya shafe fiye da shekara 10 a can: ya yi koyarwa, ya yi aikin jarida, ya yi sufeton makarantu, ya shugabanci makarantar horar da malamai, har fataucin alfadarai zuwa Boliviya ya taɓa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan zangon shi ne harshe. Yaron da ya zo ba ya iya tambayar hanya da Sifaniyanci ya zama mutumin da marubutan ƙasar ke tsoron ya gyara musu jimla. Kuma bai saki Faransanci ba; da harsunan biyu ya yi ta rubutu har tsufansa.

Laburaren da aka ba shi a watan Janairu na 1885, zamanin shugaba Julio Argentino Roca, tsoho ne. Gwamnatin juyin juya hali ta 1810 ce ta kafa shi, Mariano Moreno, ɗaya daga cikin jagororin juyin, ne ya tsaya masa, amma sai a 1884 ya tashi daga hannun lardin Buenos Aires ya koma na ƙasa baki ɗaya. Naɗin bai yi wa kowa da kowa daɗi ba. An yi ta ƙorafi a jaridu cewa yaya za a ɗauki taskar tarihin ƙasa a damƙa wa baƙo. Amsar da ya bayar ita ce aiki. A 1893 ya fitar da juzu'in farko na kundin littattafan laburaren, wanda ya gina bisa tsarin Brunet na Faransa, tsarin da ya kasa littattafai gida biyar: addini, shari'a, kimiyya da fasaha, adabi, sai tarihi. A gaban kundin ya rubuta tarihin laburaren kansa tun daga kafuwarsa, da labarin waɗanda suka riƙe shi kafin shi. Ku duba wannan da kyau, malamai. Mutum ya zauna rubuta jerin sunayen littattafai, sai ya ga bai kamata ya miƙa wa jama'a jerin ba tare da gaya musu yadda tarin ya samu ba. Laburare nawa muka sani da ke da rubutaccen tarihinsa daga hannun ma'aikatansa?

Sai maganar gini. Tsohon mazaunin ya yi wa littattafai kaɗan. A titin México, lamba 564, gwamnati ta gina wani katafaren gida domin hukumar cacar ƙasa. Groussac ya matsa har aka karɓe ginin aka ba laburare, aka buɗe shi a watan Disamba na 1901. Har yau a jikin matakalar benen akwai adon da aka yi da siffar tulun da ake juya ƙwallayen caca a ciki. A saman wannan ginin ya zauna da iyalinsa, a nan kuma ya mutu. Laburaren bai bar wurin ba sai a 1992, da ya koma sabon gininsa na unguwar Recoleta.

Amma ba gini ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abubuwa biyu ne, mujalla da kwafi.

A 1896 ya kafa mujalla mai suna La Biblioteca, da kuɗin gwamnati, a ƙarƙashin laburaren. Ba mujallar sanarwar sababbin littattafai ba ce. Manyan marubutan zamanin ne ke rubutu a ciki, tsofaffi irin su Bartolomé Mitre da matasa irin su Leopoldo Lugones da Rubén Darío, mawaƙin Nicaragua da ke zaune a Buenos Aires a lokacin. Groussac kan rubuta ɗan taƙaitaccen tarihin kowane mai rubutu, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Yabonsa ma yakan zo da ƙaya a ciki. Darío da ya buga wa waƙa bai tsira ba, don da littattafansa suka fito sai da ya yi musu sharhi mai zafi a shafukan mujallar. Ƙarshen mujallar shi ne darasin. Wani lauya, Norberto Piñero, ya tattara rubuce-rubucen Mariano Moreno ya buga, har da wata takarda da ake kira tsarin ayyukan juyin juya hali, wadda ke ɗauke da shawarwarin zubar da jini. Groussac ya ce takardar jabu ce, ba Moreno ya rubuta ta ba, ya kuma yi wa aikin Piñero kaca-kaca, da hujja da ba'a a haɗe. To Piñero a lokacin wakilin Ajantina ne a Chile, ana tsakiyar takun-saƙa kan iyaka. Ministan da laburaren ke ƙarƙashinsa, Luis Beláustegui, ya aiko masa da takardar jan kunne cewa ba a cin mutuncin jami'in gwamnati a mujallar da gwamnati ke biya. Groussac bai janye ba, bai kuma nemi afuwa ba. Ya rufe mujallar a 1898, bayan juzu'i 8.

Ina so ɗalibanku su yi gardama a kan wannan a aji. Wa ke da gaskiya? Ni dai ina ganin ministan yana da ɗan abin faɗa game da lafazi, domin Groussac ya wuce gona da iri, kuma bai iya bambanta kuskuren mutum da mutuncinsa ba. Amma a kan asalin maganar Groussac ne a kan hanya. Idan mai riƙe da takardun asali ba zai iya cewa wannan takarda ina shakkar ta ba saboda wanda ya buga ta babba ne, to riƙon nasa bai da amfani. Masana tarihi sun ci gaba da jayayya a kan takardar shekara da shekaru bayan su duka sun mutu, abin da ke nuna tambayar da ya tayar ta cancanci a tayar. Wanda duk zai yi aiki a laburaren jami'a, inda albashi da kuɗin buga mujalla ke fitowa daga ofishin da wata rana za ka iya saɓa wa, ya kamata ya taɓa tunanin wannan tun yana ɗalibi.

Bai zauna haka ba. A 1900 ya fara wata, Anales de la Biblioteca, wadda ta kai 1915 da juzu'i 10. Wannan karon tsofaffin takardun da ke ajiye ya riƙa fitarwa yana bugawa, da gabatarwa da sharhi, domin wanda ba zai iya zuwa ɗakin rubutun hannu ba ya samu a gidansa.

Kwafin kuwa ga yadda yake. Tarihin farkon zuwan Sifaniyawa yankin kogin Plata ba a Ajantina yake ajiye ba. Yana Seville, a gidan adana takardun mulkin mallaka na Sifaniya, inda aka tara wasiƙun gwamnoni da shari'o'i da rahotannin matafiya na tun ƙarni na 16. Ɗan ƙasar da ke son rubuta tarihin garinsu sai ya ƙetare teku. Daga 1910 Groussac ya sa wani ma'aikaci, Gaspar García Viñas, ya tare a Seville yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya, ana kwafe duk abin da ya shafi yankin ana aikowa gida. Aikin ya ɗauki shekaru, ya tara fiye da juzu'i 200, kuma har yau tarin yana laburaren da sunan García Viñas. Ba na'urar ɗaukar hoto irin ta yanzu, ba intanet. Mutum ne da idonsa yana warware rubutun hannun magatakardan da suka mutu shekara 300 kafin a haife shi. Da waɗannan takardu Groussac ya rubuta littafinsa a kan mutanen da suka kafa Buenos Aires sau biyu, Mendoza da Garay, wanda ya fito a 1916.

A nan ne labarin ya taɓa mu kai tsaye. Takardun mulkin Ingila a ƙasarmu da yawa suna Kew da Oxford, can Ingila. Na Nijar wasu suna Aix-en-Provence a Faransa. Littattafan da sojan Faransa Archinard ya kwashe daga Segu, a Mali ta yanzu, a 1890, waɗanda a cikinsu akwai rubuce-rubucen malaman jihadin Sakkwato, suna babban laburaren Faransa a Paris. Mu ma an taɓa yin irin wannan yunƙurin: shirin binciken tarihin Arewa da aka fara a 1964, wanda ya bi gidajen malamai yana ɗaukar hoton rubutun hannu, da Gidan Arewa na Kaduna da aka kafa a 1970, duk da hannun Farfesa Abdullahi Smith, wanda shi ma baƙo ne da ya zo daga Ingila ya zama ɗan gida. Amma ku lura, masana tarihi ne suka ja ragamar wancan aikin. A Buenos Aires shugaban laburare ne ya ga cewa cike wannan giɓi aikinsa ne, ya nemo kuɗin, ya tura mutum.

Wani misalin na abin da takarda kan iya yi shi ne tsibiran Malvinas, waɗanda Ingilishi ke kira Falkland, da Birtaniya ta mamaye a 1833. A 1910 Groussac ya tattara hujjojin tarihi da na shari'a na ɓangaren Ajantina ya buga. Da Faransanci ya rubuta, harshen diflomasiyyar wancan zamani, don mutanen waje yake so su karanta. Bayan mutuwarsa, a 1934, sanata Alfredo Palacios ya kawo dokar da ta sa aka fassara littafin zuwa Sifaniyanci, aka kuma yi taƙaitaccensa aka raba wa makarantu. Daga nan maganar ta tashi daga teburin jakadu ta shiga kan yaran firamare. Ba zan ɗora masa alhakin yaƙin da Ajantina da Birtaniya suka yi a kan tsibiran a 1982 ba, sojojin da ke mulki ne suka yanke wannan shawara don dalilansu. Amma ɗalibi ya kamata ya ga tsawon tafiyar da binciken da aka yi a ɗakin karatu ke iya yi, har inda mai shi bai taɓa zato ba.

Kada ku koyar da shi a matsayin waliyyi, don ba shi ba ne. Mutum ne mai girman kai da raini. Ya zauna a Ajantina fiye da shekara 60 yana cin abincinta yana auna duk abin da 'yan ƙasar suka rubuta da ma'aunin Paris, kuma kusan kullum sai ya ce bai kai ba. Labarin tafiyarsa zuwa Amurka ta hanyar Chile da Peru da Meziko, wanda ya fito a 1897, cike yake da kallon ƙasƙanci ga mutanen da ba Turawa ba, irin ra'ayin fifikon jinsi da ya yi katutu a tsakanin masu ilimin Turai na lokacin. Ɗalibin Afirka da zai karanta shi ya kamata a gaya masa wannan tun farko, ba ya je ya ci karo da shi ba. Haka jawabinsa na 1898, lokacin yaƙin Amurka da Sifaniya, inda ya siffanta Amurka da ƙaton jiki marar ruhi: an daɗe ana yaba shi a matsayin tsayawa gaban mai ƙarfi, amma rabin abin da ya fusata shi shi ne ƙyamar mulkin talakawa.

Kuma shi ma ya sha ƙasa. A 1903 ya buga littafi a Paris yana cewa ya gano wanda ya rubuta jabun kashi na biyu na Don Quixote, shahararren littafin Cervantes na Sifaniya, kashin da ya fito a 1614 da sunan aro. Ya ce wani lauyan Valencia ne, Juan Martí, ya kuma bi malaman Sifaniya da gori saboda sun kasa ganowa. Ba a daɗe ba aka zaƙulo takardu a Valencia da suka nuna Martí ya mutu tun 1604, kafin ma kashin farko na littafin ya fito. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, kuma babban malaminsu Menéndez Pelayo bai bar damar ta wuce ba. Da tsufa ya zo, matasan masana tarihi irin su Rómulo Carbia da Diego Luis Molinari suka taso masa, suna cewa adabi ya fi yawa a tarihinsa, ƙa'idar bincike ta yi kaɗan. Da makamin da ya koya wa ƙasar suka yaƙe shi, wato a kawo takarda a gani.

Wajen 1925 hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa, aikin da aka yi masa bai yi nasara ba, ya makance. Bai bar kujerar ba. Ana karanta masa, yana shifta ana rubutawa, har 1929. Abin da ya sa yawancin waɗanda suka taɓa jin sunansa a wajen Ajantina suka ji shi ke nan. Kafin shi an yi José Mármol, wanda ya riƙe laburaren daga 1858 zuwa 1871, shi ma ya makance. Bayansa kuma Jorge Luis Borges ya karɓi kujerar a 1955 idonsa na gab da rufewa, ya rubuta shahararriyar waƙar nan da yake cewa Allah ya ba shi littattafai da dare a lokaci guda, ya ambaci Groussac a cikinta. Makafi uku a kujera ɗaya labari ne mai daɗin bayarwa, shi ya sa ya danne sauran. Ni kuwa abin yana ba ni haushi. Shekara huɗu kacal Groussac ya yi a makance, ya yi 40 yana gani yana aiki. Borges marubuci ne da ba a haɗa shi da kowa, amma ta fuskar sana'armu, kundin da ginin da mujallun da kwafin Seville duk na Groussac ne. Har dokar haƙƙin mallakar rubutu ta 1910, wadda ta sa mawallafa ajiye kwafin littattafansu a laburaren ƙasa, da hannunsa a ciki.

Yanzu ga roƙon. A cikin darasin tarihin laburare da kuke koyarwa, ku ware masa lacca biyu. Ta farko a kan abin da ya gina, a haɗa ta da tambayar ina takardun yankinmu suke a waje, wa ya taɓa lissafa su, nawa ne aka riga aka ɗauki hotonsu aka ɗora a intanet ba mu sani ba. Ta biyu a kan rikicin 1898 da kuskuren 1903 tare, don ɗalibi ya ga mutumin a ranar da ya yi daidai da ranar da girman kai ya kayar da shi. Wanda ke neman batun kundin kammala digiri a ba shi aikin rubuta tarihin laburaren jami'arsu, da sunayen waɗanda suka riƙe shi da abin da kowannensu ya ƙara, a fara da tsofaffin ma'aikatan da suka yi ritaya tun suna da rai. Na san za a ce manhaja ta cika, kuma ba ku kaɗai ke tsara ta ba. Lacca biyu ba sai an je Abuja neman izini ba.

Matsalar harshe ma ba ta kai yadda ake zato ba. Rubuce-rubucensa sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, da yawansu an ɗauki hotonsu suna intanet kyauta, kuma littafin Malvinas da na Don Quixote da Faransanci suke. Sashen Faransanci yana nan kusa da ku, ga kuma 'yan'uwanmu na jami'o'in Yamai da Damagaram da za su karanta su ba tare da ƙamus ba. Idan aka haɗa hannu, kafin Yunin 2029 za a iya fitar da ɗan littafi da Hausa a kan rayuwarsa, ko da shafi 40 ne, a sa shi a kanta kusa da na Dewey da Ranganathan.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya, ya sa albarka a cikin ɗalibanku.

Wassalam,
Naku, wani tsohon ma'aikacin laburare.